Gurbin Fushin Fufa Inayat

Duk bikin da za a yi a gidanmu, ni nake tsara yininsa. Ba don na fi kowa karatu ba, aji uku na yi a makaranta na koma gyaran tarakta. Dalili kawai shi ne ba na jin kunyar tayar da mutum daga kan abinci idan lokacin tafiya ya yi. Ba na rubuta komai. Da salloli nake auna yini: abin da za a gama kafin Azahar, abin da za a gama kafin La'asar, sannan babbar doka, amarya ta bar gidan ubanta kafin a kira Magariba. Tun da na fara wannan aiki ba a taɓa ɗauko mana amarya da duhu ba.

A cikin tsarin akwai wani gurbi da nake bari tsakanin karin kumallo da tashin mota. Gurbin Fufa Inayat ne, mijin yayarmu Sugran. A ƙauyenmu mijin gwaggon ango, wanda muke kira Fufa, shi ne yake naɗa masa rawani, kuma ango ba ya fita ɗaukar amarya kansa a buɗe. Inayat ya san haka sarai, shi ya sa babu bikin da bai yi fushi ba. Yau shayinsa ya huce, gobe an sa sunansa a ƙasan na wani a katin gayyata, jibi an ba shi ƙashi an ba wani tsoka. Sai ya saɓa mayafinsa ya tafi wajen injin ban-ruwa na bakin gari, ya zauna ya juya wa hanya baya. A tura samari, ya kore su. Yayana Mushtak ya je, ya ƙi ko kallonsa. A ƙarshe Sugran ta je ta tsaya a kansa ta ce, "Tashi, ka ishe mu." Ya tashi yana gunaguni, ya naɗa rawani, mu kama hanya. Na daɗe da daina jin haushin abin. Yadda nake ware lokacin aski da na loda kaya, haka nake ware masa nasa.

Sugran ta rasu lokacin girbin alkama. Allah bai ba su haihuwa ba.

Da sanyi ya shigo aka sa ranar auren Tanwir, ɗan Mushtak. Ana saura mako guda muka zauna a tsakar gida, ni da Mushtak da matarsa Kausar, wadda nake kira Bhabi, wato matar wa, na zayyana musu yinin.

"Wanzami ya gama da ango kafin rana ta fito sosai. Karin kumallo sau ɗaya za a zuba, wanda ya makara ya ci a gidan amarya. Daga nan gurbin Fufa. Sai rawani, sai mota. Dole mu wuce mararrabar jirgin ƙasa kafin jirgin Sargodha ya zo, in ba haka ba mu tsaya a bayan taraktocin rake har rana ta karkata. Ɗaurin aure bayan Azahar, abinci, La'asar, a fito da amarya."

"Cire gurbin nan," in ji Mushtak. "Bana babu shi."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba ka gan shi ba ne? Mutumin ya yi laushi. Jiya na gamu da shi a masallaci, shi ya fara gaishe ni."

Bhabi Kausar ta ce, "Ka ba mata lokacin nan, Liyakat. Kullum kana kora mu kamar awaki, mace ba ta gama sa awarwaro ba kana buga ƙofa."

"Bhabi, ko yini biyu na ba ku, wata za ta shiga mota da takalmi a hannu. Gurbin yana nan."

Washegari na kai wa Inayat kati da kaina. Na tarar da shi yana share tsakar gida, aikin da ban taɓa ganin ya yi ba. Cikin ɓaunayensa uku na tatsar madara saura ɗaya a turke. Ya karɓi katin, bai ko duba inda aka sa sunansa ba, ya ajiye a kan gadon igiya.

"Allah ya sa alheri. Da wane lokaci ake son baƙi su zo?"

"Paji," na ce, yadda muke kiran babban wa, "wane irin baƙi? Ina ɓaunayen?"

"Na sayar. Wannan ma an yi ciniki, bayan biki za a zo a tafi da ita. Ɗan ƙanena na Karachi ya ce in koma wajensa, akwai ɗaki a saman bene."

"Ka yi me a saman bene?"

"In zauna." Ya jingina tsintsiyar da bango. "Liyakat, albarkacin Sugran ake ce mini Fufa. Ba ta nan, ba ɗa, ba jika. Zan zo in ci abinci in yi addu'a kamar kowa, in tafi."

Na ce ya bar wannan magana, gida gidansa ne. Ya yi mini murmushi irin wanda ake yi wa mai gida idan ya ce a ƙara abinci. A nan na gane baki ba zai yi wannan aikin ba.

Ni dai ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba, gaskiya ke nan. Ya taɓa shanya mutum ɗari a rana saboda matashin kai. Amma na san abin da saman bene yake yi wa tsohon da ya saba da gona. Ba maƙwabcin da zai zaga, ba ɓaunar da zai yi wa tsawa, matar ɗan ƙane tana ajiye masa kwano a bakin ƙofa. Kafin shekara sai dai a bugo mana waya. Idan ya wuce bikin nan a matsayin baƙo, ya tafi ke nan. Na koma gida ban canza komai a tsarina ba.

Ranar biki, tun wanzami bai gama da Tanwir ba sai ga Inayat, cikin farar riga, ya zo kafin kowa. Bai nufi gadon da ake shimfiɗa masa bargo a gindin bango ba. Can baya ya wuce, inda maƙwabta da abokan ango suke zama, ya raɓa a bakin wani gado.

Mushtak ya zo ya raɗa mini, "Ka gani? Yau za mu isa da wuri."

Na bar shi a tsaye. Na shiga wajen masu shayi na zuba kofi guda, ba sukari, na bar shi a kan katanga har ya yi sanyi, sannan na miƙa wa Inayat da hannun hagu. Ya shanye tas ya ce, "Madalla."

Aka kawo halwa da puri, wato alewar alkama da soyayyiyar gurasa. Na sa aka tsallake shi, aka fara ba wanda ke gefensa, yaron shagona na da, wanda ko gemu bai gama fito masa ba. Inayat ya jira. Da aka zo kansa saura ɓaɓɓake, ya ci.

Na tsaya a tsakiyar fili na fara rabon wurin zama. Mota biyu ce, ƙaramar ango da aka yi wa ado da furanni, da babbar bas. Kujerar gaba ta bas, kusa da direba, ta Fufa ce tun kafin a haifi ango. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kujerar gaba tawa ce, ina son ganin hanya. Paji Inayat, kai kana baya, kusa da makaɗa."

Wata tsohuwa ta ce, "Kai!" Makaɗan kansu suka kalli juna. Inayat ya ɗaga hannu ya ce, "Ko'ina ma daidai ne."

To, abu ya kai inda ba na so. Karin kumallo ya ƙare, an kwashe kwanuka, gurbin ya buɗe, mai gurbi kuma yana zaune shiru yana kallon takalminsa. Aka fito da Tanwir aka zaunar a kan kujera, aka kawo rawani a faranti, sabo, mai ruwan zinariya. Jama'a suka juya wajen Inayat. Ya fara yunƙurin tashi a hankali, kamar wanda aka roƙa ya taimaka da riƙe tsani. Na san idan ya naɗa rawanin nan a haka, naɗin sallama ne.

Na tare gabansa. Na kira Shafkat, mijin yayar ango, wanda bara kawai aka yi aurensu.

"Shafkat, zo ka naɗa. Paji ya huta. Ai yanzu baƙonmu ne, ba a sa baƙo aiki."

Shafkat ya tsaya da baki buɗe, bai matsa ba. Inayat ya dube ni. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗauki mayafinsa, ya ratsa mutane, ya fita.

Na bi shi zuwa bakin ƙofa na tsaya. Bayan masallaci hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ce ta gidansa, kuma ita ce ta tashar mota. Ta dama ita ce ta injin ban-ruwa. Ya isa wurin ya tsaya. Ya ɗan daɗe a tsaye. Sai ya saɓa mayafin a kafaɗa da ƙarfi, ya yi dama.

Mushtak ya finciko hannuna. "Ka haukace ne? Mutumin da matarsa ba ta shekara da rasuwa ba!"

"Lokacinsa ne, Paji. Yana cikin tsari."

"Wane tsari? Uban wa ya sa ka?"

"Uban da ya haife mu ni da kai. Tura samari."

Samari uku suka tafi, Shafkat a gaba. Ba su jima ba suka dawo.

"Ya kore ku?"

"A'a, Chacha," in ji Shafkat, yana kirana yadda suke kiran baffa. "Bai ce komai ba. Ko juyowa bai yi ba."

Wannan bai yi mini daɗi ba, don a da da jifa yake raka su. Mushtak ya tafi, ya dawo yana girgiza kai. A da, a nan ne Sugran take gyara mayafi ta fita. Kowa ya tuna, ba wanda ya faɗa. Direban bas ya danna oda sau biyu, na aika a ce masa idan ya ƙara zan cire masa ita da hannuna.

Na ce, "Kowa ya tashi. Ango, tashi. A ɗauko farantin. Bhabi, ku ma ku fito."

"Mata har bakin gari?" in ji Bhabi Kausar.

"Har bakin gari."

Haka muka fita, ango a gaba kansa a buɗe, mata da kayan ado suna tattare zani saboda taɓo, makaɗa a baya da gangunansu shiru. Muka same shi zaune a kan dakalin siminti, ruwa yana zuba a gabansa, ya ba mu baya. Na zagaya gabansa. Ban taɓa yi wa ɗan Adam wannan ba, amma na kwance rawanin kaina na ajiye a kan ƙafafunsa.

"Paji, na yi kuskure. Ga rawanina."

Ya kalli rawanin. Ya sa ƙafa ya ture shi gefe. Sai bakin ya buɗe.

"Baƙo! Ni ne baƙo? Kai, Liyakat, ranar da na auri yayarka kana yawo ba wando, majina har haɓa. Wa ya ɗauki makarar ubanku ta gaba? Baƙo ne? Wannan da kuka tsayar kamar sanda," ya nuna ango, "da zazzaɓi ya kama shi yana jariri, a keken wa aka kai shi asibitin Bhalwal cikin ruwan sama? Keken baƙo?"

"Naka ne, Fufa," in ji Tanwir.

"Rufe mini baki, ba da kai nake ba. Shayi ba sukari! Da hannun hagu! Kun ɗauka ban gani ba? Puri ɓaɓɓake, kare ma sai ya shinshina ya wuce. Kusa da makaɗa! Ni, a bayan mota, ganga a kunne!"

Na ji wata a cikin mata ta yi dariya ta toshe baki. Ni kuwa hankalina ya kwanta, na fara lissafin hanya. Amma bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Muryarsa ta sauka.

"Tun ranar sadakar arba'in, wa ya tako ƙofar gidana? Mushtak, kai nake tambaya. Kausar, ke fa? Da tana nan, kullum yaranku suna cikin tukunyarta. Tana tafiya kuka ɗauke ƙafa. Ni nake dafa wa kaina waken dal, ni nake ci, ni nake wanke kwano. Idi ya zo ya wuce, a kan gado na yi shi. Sai da kuka buƙaci rawani kuka tuna hanya, shi ma kati aka kawo mini, kamar wani mutumin gari."

Wannan ba ya cikin tsarina. Ba wanda ya yi dariya yanzu. Mushtak ya sunkuyar da kai. Inayat ya ci gaba, yana faɗa yana share ido da gefen mayafi, ya dawo kan shayi, ya koma kan Idi. Na duba inuwar bishiya, ta wuce inda ya kamata mu kasance a mota. Gurbin ya cika ya tumbatsa. Ban katse shi ba. Tsari nawa ne, na san inda zan yanko.

Bhabi Kausar ce ta ratsa maza ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Paji, ka faɗi gaskiya, mun ji, mun yi laifi. Yanzu ya isa. Ɗana yana tsaye rana tana dukan kansa. Daga gobe abincinka a gidana yake, safe da yamma. In ka ƙi zuwa, in turo su Tanwir su ɗauko ka da gadon da kake kai."

Ya ɗaga kai ya dube ta. "Girkin naki mai gishiri kamar na ɓauna?"

"Shi. Kuma za ka cinye."

"Sugran ba ta taɓa..."

"Ni ba Sugran ba ce, ba zan iya girkinta ba. Tashi."

Ya ja tsaki, ya miƙa hannu. Aka ba shi farantin. A nan bakin ruwa ya zaunar da Tanwir a kan dakali ya fara naɗi. Ya naɗa ya warware, wai kan yaron a karkace yake kamar na ubansa. Ya sake naɗawa ya sake warwarewa. A na uku ya soke bakin rawanin, ya dafa kan ango ya yi addu'a. Na ɗaga wa makaɗa hannu, ganga ta tashi.

Na ɗauki rawanina daga taɓo na kakkaɓe. Kafin mu koma gida na gama gyara yinin a kaina. Hoton da za a tsaya ɗauka a ƙofar gida, na soke. Rawar da samari suke yi a bakin garin amarya, wadda takan ci lokaci mai yawa, na ce waƙa ɗaya ce, wanda ya ƙara taku zai dawo gida a ƙafa. Babban makaɗi ya fara ƙorafin cewa a wajen rawar nan ake yi musu liƙi, na ce ya riƙe ƙorafinsa sai gobe wajen walima, zan ba shi fili har hannunsa ya gaji.

Muka isa bakin bas. Inayat ya hau ya zauna a kujerar gaba kamar ba a taɓa wata magana ba. Ni na zauna a kan murfin inji, zafi yana gasa ni har Bhalwal, garin amarya. Muka tsallake mararrabar jirgi mai gadi yana shirin sauke ƙarfe. Fufa ya ce wa direba tuƙinsa na masu jaki ne.

An ɗaura aure bayan Azahar, da ɗan jinkirin da ba wanda ya lura sai ni da liman. Wajen abinci Fufa ya mayar da faranti, wai an tsame naman an bar masa romo. Uban amarya da kansa ya kawo wani, yana ba shi haƙuri. Mata suka so su ja kukan rabuwa, na tsaya a ƙofa na ce wa kawun amarya rana ba ta jiran kowa. Aka fito da ita da Alƙur'ani a saman kanta, rana tana kan ganyen rake, ba ta faɗi ba. A hanya muka tsaya muka yi Magariba.

Da muka koma mota, Fufa ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Walimar gobe, wa ya ce a zuba abinci kafin Azahar?"

"Ni."

"Shirme. Mutanen Bhalwal ba za su iso ba. Kuma 'yarka Nabila, na ji ana maganar aurenta bayan girbi. Kada ka kuskura ka sa rana ba ka zo gidana ka zauna ka tambaye ni ba."

"Har Karachi zan bi ka in tambaya?"

"Wa ya ce maka za ni Karachi? Ka taɓa shan ruwan garin can? Gobe da safe ka je ka gaya wa dillalin nan ɓaunata ba ta sayarwa ba ce. Kai za ka je, tun da bakinka ya iya faɗin abin da ba a faɗa." Ya gyara mayafi. "Kuma kada ka ɗauka na yafe maka. Maganar baƙon nan, ban gama da ita ba."

Na ce na ji. Na mayar da abincin walima bayan Azahar, na buɗe masa gurbi da hantsi, mai ɗan faɗi fiye da na yau.